Yayen Babba a Shekarar Wahalar Gas

Wannan babin na Babba ne. Ku sauran kuna iya karantawa, amma ku ja bakinku har ta gama. Abin da ya zaunar da ni rubuta shi, ranar wani suna da aka yi a gidan nan namu na Badariya, ina cikin ɗaki ina rarraba goro, sai na jiyo Babba ta bayan taga tana gaya wa 'yarta wai ita tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba, wai kuma a Nijar na yar da ita wurin yaye har ƙyanda ta ɓata mata ido. Cikin dariya ta faɗa, irin dariyar nan da take yi tana jawo mayafi ta gefen hagu na fuskarta. Ni dai ban yi dariya ba, goron ma sai da na sake rabawa don na rikice. Maganar suna gaskiya ta faɗa. Maganar yarwa kuwa ba haka aka yi ba, kuma waɗanda suka san yadda aka yi duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai.

Ku 'yan yanzu kuna rungume ɗan fari a gaban surukai, har ku rubuta sunansa a ƙofar shago. Mu ba haka muka tashi ba. Ɗan fari na kakanni ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara tashi ba, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Uba ma haka. Wadda ta kauce wa wannan ta shiga bakin matan unguwa ke nan, a ce a gidansu ba a koya mata kunya ba. Ni kuwa daga gidan malamai na fito a Birnin Kebbi, aka kai ni Argungu gidan manoma, don haka idon kowa yana kaina, ana jiran a ga ko 'yar malam za ta yi abin faɗa. Gidan namu gandu ne. Surukina ya rasu kafin a kawo ni, ragamar gida tana hannun wan babanku, Baba Ummaru, ragamar Baba Ummaru kuma tana hannun uwarsu, Goggo, tsohuwar da ba ta ɗaga murya amma ko akuyar gidan ta san kallonta.

Mahaifiyata, Inna, mutuniyar ƙasar Arewa ce, wato cikin Arawa. Da zama ya ƙare tsakaninta da mahaifina sai ta koma wurin danginta, wani ƙauye a hayin iyaka, gefen Tibiri. Mu a lokacin ba mu ɗauki iyakar nan a bakin komai ba, dangi ne gaba da baya. Mota ɗaya ce ke haɗa mu da ƙauyen, motar Bawa Direba, babbar mota mai bodin katako mai shan gas. Duk ranar kasuwar can zai loda shinkafa da bandar kifi da goro, mutane su hau bisa kaya, ya bi ta ƙasar Arewa ya tsallaka, washegari ya dawo da kanwa da wake da awaki. Gaisuwa da labarin haihuwa da na mutuwa duk a bakin Bawa suke zuwa su dawo. Da Babba ta isa yaye, a ƙarshen sanyin shekarar, Inna ta biyo motarsa ta zo ɗaukarta, don wurin kaka ake kai yaro ya manta da nono. Aka karɓo rubutun yaye aka ba ta ta sha, ni kuma aka shafa mini maɗaci. Inna ta goya ta da zanen saƙi. Yarinyar tana juyowa tana miƙo hannu tana kuka, ni kuwa ina durƙushe bakin murhu ina hura wutar da ta riga ta kama, don kada in ɗaga kai a ce na kalle ta.

"Kasuwa biyu zuwa ukku ni maido maku ita," in ji Inna, ta yi wa Goggo sallama ta fita.

Ba su daɗe da tafiya ba gas ya yi wuya. Da farko gidajen man Argungu suka riƙa buɗewa da safe su rufe kafin hantsi, daga baya suka ɗaura igiya a bakin shiga, yaran da ke zuba mai suka koma zaman dara a gindin famfo. Aka ce sai Birnin Kebbi. A can kuma layi ne wanda direba ke kwana a cikinsa har matarsa ta aiko masa da kayan canji. Hukuma ta ce man ƙasar nan haurar da shi ake yi zuwa Nijar, saboda haka ta hana sayarwa a jarka sai ga manoma masu injin ban-ruwa, motar da aka san tana zuwa bakin iyaka kuwa awo ake yi mata, ɗan abin da ba zai kai ta ya dawo da ita ba. Fetur ma bai tsira ba, balle a ce a hau babur. Bawa ya rasa kasuwa ɗaya, ya rasa ta biyu, daga nan ya sa duwatsu a gindin tayoyi ya koma zama ƙarƙashin motar yana gyangyaɗi. Tashar Argungu ta cika da baƙin da hanya ta yanke wa, Arawa da Zabarmawa, mata da goyo, tsofaffin da suka zo ganin likita ko ta'aziyya. Wasu suka cinye guzurinsu suka fara sayar da tsarabar da suka saya wa gida. Masu ƙarfi suka ɗora kaya a kai suka kama hanya da ƙafa, marasa ƙarfi suka bazu a zaurukan mutane suna jira.

Ni ma jira nake yi, sai dai nawa ba mai ganinsa. Nonona ya kumbura ya yi tauri har ba na iya ɗaga taɓarya, sannan ya sace ya bushe, ba labarin yarinya. Duk ƙarar motar da na jiyo daga nesa sai in tsaya da abin da ke hannuna har ƙarar ta wuce. Abinci ya daina shiga. Tambaya kuwa ba dama, sai na koyi zagaye. Na san kanwa a motar Bawa take zuwa, saboda haka wata safiya na durƙusa a ƙofar Goggo.

"Goggo, kanwag ga ta kusa ƙarewa."

Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar kanwa da ke rataye cike maƙil.

"Kanwa na nan, Kulu. Motab Bawa ko ba ta da mai. Ki yi hanƙuri, ƙawata na hannun kakatta, ba hannun baƙo ba."

Ƙawata take ce wa Babba. Na tashi da kunyar an gane ni, na koma ɗaki na zauna bakin gado, ina riƙe da ɗan kwanon da take shan kunu a ciki.

Sai ku san halin da gidan yake ciki, don kada ku ga baƙin Baba Ummaru. Daminar da ta wuce ba ta yi ba. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe, shinkafar fadama ruwa bai kai mata ba, rumbunmu tun kafin sanyi ya fita ake jin ƙasansa in an sa hannu. Abin da ya rage mana shi ne albasar rani a bakin gulbi, da wani ɗan injin ban-ruwa da Baba Ummaru yake ji da shi fiye da yadda yake ji da matarsa. Albasar ta yi kyau, ta fara kai, ruwan ƙarshe kawai take nema a cikin zafin bazara, a cire ta a sayar a sayi hatsin da zai kai mu kaka. Shi da babanku suka tafi Birnin Kebbi layin manoma, suna kwana a zauren mahaifina, suka dawo sun yi baƙi sun rame, da jarkoki biyu bisa jaki. A ɗakin Goggo aka ajiye su, ƙarƙashin gadonta, don nan ne ɓarawo da ɗan gida duk ba su isa su shiga ba. Ni ke share ɗakin kullum. Har yau in na ji warin gas, ƙafar gadon nan nake gani.

Ana haka sai ga wani dattijo mai jakunan kanwa daga ƙauyen su Inna, ya yi sallama a zaure. Goggo ta fita ta same shi. Ni kuma na jawo turmi kusa da katanga, ina daka a hankali yadda ba zai hana ni ji ba.

"Baƙon dauro ya shiga garinmu," in ji shi. "Yara sun kwanta gida-gida, an ruhe da dama. Tsohuwa ta ce in gaya maki ƙawakki na ɗan jin jiki. Ni dai na gan ta bisa cinyatta, idanun a ruhe, ba ta buɗe su."

Baƙon dauro shi ne ƙyanda, tsofaffi ba sa son kiranta da sunanta. Taɓaryar ta kuɓuce mini ta bugi bakin turmi. Na ji Goggo tana cewa Allah shi sawwaƙa, baƙo ne, ba a tada shi, in ya ƙare kwanakinsa zai tafi. Haka kowa ya yarda a lokacin. Amma ni a Birnin Kebbi na tashi, na ga yaran da aka kai asibiti suka tashi, na ga waɗanda aka rufe a ɗaki aka fito da su a tabarma. Kuma na san halin Inna: matar da za ta ce ana ɗan jin jiki, to abin ya kai inda ya kai. Da yamma babanku ya shigo ɗaki ya zauna yana cire ƙaya a tafin ƙafarsa, ƙayar da ni ban ga alamarta ba.

"Ka ji?" na ce.

"Na jiya."

Iyakar abin da muka iya ke nan, mu biyu a ɗakinmu, ba mai jin mu. Shi ma 'yar farinsa ce, kunyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure shi, ga kuma wansa a sama da shi. Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Ina tuƙa tuwo ina ganin idanun nan a rufe. In na ji an yi sallama a zaure sai in ce ga mai kawo labarin rasuwa. Tsoro nake ji ƙwarai, tsoron ta mutu, da tsoron ta mutu ban ko tambaya ba. Kullum da safe in shiga sharar ɗakin Goggo, tsintsiyata ta taɓa jarkokin nan, in ji man yana motsi a ciki.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. An jawo jarka ɗaya tsakar gida, Baba Ummaru yana tsugune da mazurari zai auni na ban-ruwan gobe, babanku yana riƙe masa galan, Goggo tana kan tabarma tana jan tasbaha, matar Baba Ummaru tana tankaɗe a gefe. Ban shirya komai ba. Na dai ga man yana gangarawa cikin galan, sai na tsinci kaina durƙushe a gabansu.

"Goggo, Yaya, ku gahwarce ni."

Daga nan na kira sunanta. Cikakkensa na kira, yadda liman ya raɗa shi ranar suna, da muryar da har maƙwabta sun ji. Na ce ita ce kwance a can, na ce ɗiyata ce, na ce ina son a ba Bawa man nan a ɗauko mini ita. Matar Baba Ummaru ta tsaya da rariya a hannu. Babanku ya kafa wa ƙasa ido, kunnuwansa kamar za su faɗo. Ni kaina da na ji sunan ya fita daga bakina sai na ga kamar na fito tsakar gida ba zane.

Baba Ummaru ya ajiye mazurari a hankali.

"Kulu, kin san abin da kika hwaɗi? Man ga shi na tuwon gidan ga hak kaka. Albasa ta hwara kai. In tas sha ƙishirwa yanzu, ba mu da komi, ke da mu da ɗiyan duka."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Sai na ji muryar babanku can ƙasa-ƙasa, shi da bai taɓa musa wa wansa ba.

"Yaya, in da rabona cikin man ga, a ba Bawa."

"Rabo? Hwadama guda ta, inji guda na. Albasa ta san rabonka?"

Goggo ta ja tasbaharta har ƙarshe. Ta naɗe ta a hannu, ta dubi babban ɗanta.

"Ummaru, ba kai na na hwari ba, ka sani. Wanda yag gabace ka zazzaɓi yay yi. Ina kallo, kunya ta hana ni in ce a nema mashi magani. Man ga ɗakina shike. Tashi ka kiro Bawa."

Sannan ta juyo kaina, fuskar nan ba sassauci.

"Ke ko, tunda kin buɗe baki, sai ki tahi da ƙahwakki ki ɗauko ta."

Bawa ya zo ya ɗaga jarkokin ya jijjiga, ya ce zuwa da dawowa sai an juye duka, kuma a cikin tanki, don in masu kaki suka ga jarka a hanyar iyaka sun ƙwace ke nan. Baba Ummaru da hannunsa ya juye, bai yarda kowa ya taɓa ba, har ɗigon ƙarshe ya girgiza, sannan ya shige ɗakinsa. Kafin gari ya waye labari ya kai tasha cewa motar Bawa za ta tashi. Da na iso da sassafe na tarar baƙin nan sun hau sun cika ta har kan bodi, tsofaffi ana turo su ta baya, wata Bazabarma tana kuka tana sa mini albarka da harshen da ba na ji. Bawa ya sa ni a gaba. Babanku bai bi mu ba, shi da wansa suka ɗauki ƙwarya da guga suka nufi fadama, wai za su gwada ban-ruwa da hannu.

Tafiyar ba ta da daɗi. Yashi ne da rana, ga Bawa sai kallon allurar mai yake yi. Gab da iyaka muka tarar da shinge, masu kaki suka tsayar da mu. Ɗaya ya buɗe tanki ya zura sanda, ya zaro ya duba inda ta jiƙe.

"Wannan mai ya fi ƙarfin tafiyarka. An ce kada mota ta haura da fiye da awo."

"Ranka shi daɗe, zuwa da dawowa na," in ji Bawa. "Can babu inda za ni sha."

Bai saurare shi ba. Ya kawo tiyo ya zura, ya zuƙa da baki ya tofar, man ya fara zuba cikin wani duro da ke gefen hanya. Ina zaune ina jin ƙararsa, ina ganin albasarmu da ɗiyata suna tsiyayewa tare. Bakin da ya buɗe jiya bai gama rufewa ba, sai na sauko na durƙusa a cikin yashi a gaban namijin da ban sani ba.

"Yallaɓai, ɗiyata na can kwance da baƙon dauro. Man ga na ban-ruwan gidanmu na, shi munka juye don in ɗauko ta. In kun rage shi, ba mu kai gida."

Yaro ne, bai fi ƙanena ba. Ya dube ni, ya waiwaya ya dubi babbansu da ke zaune a inuwa, sannan ya zare tiyon kamar ya gama abin da zai yi, ya ce mu wuce. Allah ya saka masa. Amma abin da ya fita ya fita.

Ƙauyen su Inna shiru, ba yaro ko ɗaya a waje. Na tarar da Inna a ɗaki mai duhu, an toshe taga da tsumma.

"Ke kinka zo da kanki?" ta ce. Ta ɗage zanen da ta lulluɓe yarinyar da shi.

Babba, ban gane ki ba. Kin zama ƙashi da fata, jikin duk ya yi ɓawo, leɓe ya tsage, idanu sun manne da ruwa. Na sa hannu zan ɗauke ki kika ƙanƙame Inna, don yayen ya yi aikinsa, kin manta da ni. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a tafiyar nan. Inna ta so mu kwana, Bawa ya ce shi ba zai jira kasuwa ba, ba zai ɗauki kaya ba, mota mara nauyi ta fi jimirin mai. Muka juyo a ranar. A gaban mota kina ta wani kuka mara sauti, kina laluben ƙirjina. Yaron da aka yaye ba a mayar da shi nono, kowa ya san haka, ga shi ma babu komai a ciki. Na ja mayafi na rufe mu, na ba ki. Kika kama busasshen nono kika yi shiru. Bawa ya kafa wa hanya ido bai ko waiwayo ba, kuma har ya bar duniya ban ji maganar a bakin kowa ba.

Duk gangara sai ya kashe inji ya bar motar ta sulala. Duk da haka, rana ta karkata muna hango itatuwan bakin gulbi daga nesa, motar ta yi tari, ta sake yi, ta mutu. Bawa ya kifa kai a kan sitiyari. Ban tsaya jin haƙurinsa ba, na goya ki na kama hanya. Zafin jikinki yana ratsa zane yana ƙona mini baya, kuma shi nake so, don duk sanda na ji kamar ya ragu sai in tsaya in sa hannu ta baya in taɓa hancinki in ji ko kina numfashi. Wani mai amalanken itace ya rage mini hanya, sauran na ƙarasa da ƙafa ta cikin fadama. Ta gefen albasarmu na biyo. Ganyen ya riga ya fara kwanciya. Babanku da Baba Ummaru suna ta kai da komo da ƙwarya tsakanin gulbi da kwamin albasa, ruwan da suke zubawa ƙasa tana shanye shi kafin su juya.

Baba Ummaru ne ya fara hango ni. Ya yar da ƙwarya ya taho, ya leƙa bayana, ya ga fuskarki.

"Kwanto ta," ya ce.

Ya karɓe ki ya rungume a ƙirji, ya kama gudu zuwa asibiti, babban mutum da gemunsa, ƙafa duk laka, mu muna bin sa a baya. Ku riƙe wannan in kuna maganar Baba Ummaru.

Kin tashi, Babba, bayan an sha wuya. Daga baya muka kai ki wurin likitan ido a Birnin Kebbi, ya ce na dama ya tsira, farin da ke na hagu kuwa ya zauna ke nan. Albasa ba ta tashi ba. Abin da aka tona ƙanana ne kamar tafarnuwa, masu saye suka taɓe baki suka wuce. Kafin ruwa ya sauka aka sayar da injin aka sayi hatsi, duk da haka sai da muka ci tafasa da zogale a matsayin tuwo. Baba Ummaru bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma ya daina cin abinci kwano ɗaya da babanku, shekara na zagayowa aka raba gandu. Dalilin dawowarmu Birnin Kebbi ke nan, da ƙwadagon shinkafar da babanku ya yi a gonakin mutane a Zauro, wanda kuka tashi kuna jin labarinsa kamar don sha'awa ya yi. Albasata da Baba Ummaru yake kiranki har ya rasu, kina cewa don kanki mulmulalle ne, to yau kin ji dalili.

Ni kuma na biya nawa a bakin mata. A gidan biki sai wata ta kira sunanki da ƙarfi ta juyo tana kallona, sauran su rufe baki da mayafi. Aka sa mini 'yar malam mai baki. Ina yarinya a lokacin, abin ya ci ni, sai na ɗaure bakina fiye da na kowa don in nuna musu a gidanmu an koya mini kunya. Da ƙannenki suka zo na samu mafita na riƙa ce miki Babba, bakin ya saba, shekaru suka tafi. Ban taɓa zaton kina lissafin abin a ranki ba, sai ranar nan ta bayan taga.

Matan da nake jin kunyarsu duk sun mutu. Goggo ta tafi, Inna ta tafi, babanku ya tafi. Na juya na duba, ba wanda ya rage da zan sunkuyar wa kai. Tun ɗazu nake riƙe da alƙalamin nan, ina neman in rubuta sunan da na kira a tsakar gidan Argungu.

Saratu. Ba a yar da ke ba, Saratu, ni na je na ɗauko ki.